Tsuntsun Kowa Yana Wuyansa: Tarihin Wata Saiwar Larabci

Kalmar "ɗa'ir" ta zo sau biyar a cikin Alƙur'ani mai girma bisa ruwayar Hafs. Duk wanda ya ɗan taɓa Larabci zai ce ma'anarta tsuntsu, kuma gaskiya ya faɗa. Amma idan muka bi wuraren nan biyar ɗaya bayan ɗaya, za mu tarar a wuri ɗaya tak ake nufin tsuntsu mai fiffike, wato aya ta 38 a Suratul An'am. Sauran huɗun, a A'araf da Isra'i da Namli da Yasin, ba su da gashi ba su da sheƙa. Abin da ake nufi da su shi ne rabon mutum, ko abin da zai same shi, ko aikin da ya shuka da hannunsa.

To, me ya haɗa tsuntsu da rabo? Amsar tana cikin tarihin baƙi uku: ɗa mai hannu, da ya, da ra. Tarihin ya faro daga hamadar Larabawa kafin Musulunci, ya ratsa Bagadaza da Andalus, ya zo har filin jirgin saman Jidda. A cikinsa kuma akwai wata gardama da har yau ba mu gama ta ba a gidajenmu: idan abu ya lalace, wuyan wa za a rataya wa?

Baƙi uku, ma'ana ɗaya

Larabci harshe ne da ke gina kalmominsa a kan saiwa, galibi mai baƙi uku. Mu ma muna ɗauke da shaidar haka a bakinmu, domin ilimi da malami da alama duk daga saiwa guda suka fito kafin su zama Hausa. Tun ƙarni na takwas Miladiyya, lokacin da Khalil ɗan Ahmad na Basra ya tsara Kitabul Ain, masu ƙamus suke jera kalmomi a ƙarƙashin saiwarsu. Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311, ya tara abin da magabata suka bari a cikin Lisanul Arab. Firuzabadi ya sa wa nasa littafin suna Al-Ƙamus al-Muhiɗ, wato teku mai kewaye, littafin ya shahara har sunansa ya zama sunan kowane littafin kalmomi, daga nan muka sami kalmar ƙamus. Wanda ya yi masa babban sharhi mai suna Tajul Arus shi ne Murtada az-Zabidi na Alƙahira, malamin da Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya karɓi ijaza a wurinsa.

A cikin masu ƙamus akwai wanda ya ɗauki wata hanya tasa, shi ne Ibn Faris, wanda ya rasu a shekara ta 395 bayan Hijira. A littafinsa Maƙayisul Luga yakan ɗauki kowace saiwa ya nemo ma'anar da ke ƙarƙashin duk rassanta. Da ya zo kan saiwarmu sai ya ce asalinta ɗaya ne, rashin nauyin abu a cikin iska, daga nan aka ari ma'anar aka ba kowane abu mai sauri.

Idan muka riƙe wannan, rassan sai su jeru da kansu. "Ɗara" shi ne ya tashi sama. "Ɗair" tsuntsaye ne. Doki mai tsananin gudu "ɗayyar" ne. Tartsatsin wuta idan ya fallatsa, sai a ce ya yi "taɗayur". Mutumin da tsoro ya kama kuwa, Balarabe yakan ce hankalinsa ko zuciyarsa ta "ɗara". A nan Hausa da Larabci sun yi karo a hanya ɗaya, domin mu ma da kalmar da muke cewa tsuntsu ya tashi, da ita muke cewa hankali ya tashi.

Sun kuma siffanta natsuwa da tsuntsu. Mutum mai kamun kai ana ce masa wanda tsuntsunsa ke zaune. Jama'ar da ta yi tsit ana cewa kamar tsuntsaye na kan kawunansu, kuma da wannan karin magana aka siffanta zaman Sahabbai a gaban Manzon Allah (SAW). Masu ƙamus sun ce asalinsa raƙumi ne da hankaka ke sauka a kansa yana cire masa kaska, shi kuma ya ƙi motsi don kada ya kore shi. Duk wanda ya taɓa ganin carki a bayan saniya ya san abin da ake faɗa.

Akwai wani reshe da kowane mai azumi ke aiki da shi ko bai san sunansa ba. Abin da ya bazu ya watsu ana ce masa "mustaɗir", kuma da wannan kalma aya ta 7 a Suratul Insan ta siffanta sharrin Ranar Ƙiyama. Da ita ne kuma hadisi ya bambanta alfijir biyu. Hasken da ya miƙe sama siriri kamar jelar kyarkeci shi ne "mustaɗil", alfijirin ƙarya. Wanda ya bazu a gefen sama ta gabas shi ne "mustaɗir", alfijirin gaskiya. Lam da ra ne kawai tsakanin su, amma a kan wannan baƙi guda mai sahur ke ajiye ƙoƙon ruwansa.

Lokacin da ake tambayar tsuntsu

Mutumin hamada yana da dalilin kallon tsuntsu. Wani tsuntsu da suke kira "al-ƙaɗa" yakan yi doguwar tafiya ya miƙe sak zuwa ruwa, har suka mayar da shi abin buga misali a sanin hanya. Ungulaye da mikiya idan suna shawagi a wuri, akwai mushe ko an yi yaƙi. Wannan ilimi ne na gaskiya, irin wanda manominmu ke da shi idan ya ga shamuwa ta iso ya fara gyaran gona. Shamuwa tana bin damina ne, saboda haka zuwanta labari ne mai dalili.

Sai dai ɗan Adam bai tsaya nan ba. Tun da tsuntsu ya san inda ruwa yake, sai aka ɗauka ya san ko fatauci zai yi riba, ko aure zai ɗore, ko hari zai yi nasara. Balaraben jahiliyya idan zai yi tafiya yakan fita ya nemi tsuntsu, in ya same shi a zaune ya jefe shi ko ya daka masa tsawa don ya tashi, sa'an nan ya duba inda ya nufa. Wannan shi ake kira "zajr", wato kora, ko "iyafa". Tsuntsun da ya gifta yana ba ka gefensa na dama shi ne "sanih", wanda ya ba ka hagunsa kuma "barih". Yawanci sukan ci gaba da tafiya idan sanih ne, su koma gida idan barih ne. Wasu malamai sun ce abin daga farauta ya samo asali, domin dabbar da ta gifta ta ɗaya ɓangaren ta fi sauƙin harbi, ɗayar kuwa sai maharbi ya karkace. Akwai ƙabilun da suka yi suna a wannan sana'a, kamar Banu Lihb da Banu Asad, ana zuwa wurinsu kamar yadda ake zuwa wurin mai duba.

Dama da hagu sun shiga harshen sun zauna. Daga "yamin", hannun dama, aka sami "yumn", albarka. Hannun hagu kuma yana da suna daga saiwar da ta ba da "shu'um", wanda mu ma muka ara muna cewa shu'umi. Hankaka ya fi kowa shan zargi, suna kiransa hankakan rabuwa. Jahiz na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya bayyana dalili a Kitabul Hayawan: idan makiyaya suka tashi daga zango, hankaka ne ke sauka a kufai yana tsintar abin da suka bari. Wanda ya zo neman masoyansa ya tarar da hankaka a wurin, sai ya ɗora masa laifin tafiyarsu. Hankaka ya zo ne bayan rabuwa, amma aka ce shi ya kawo ta. Mujiya ma ba ta tsira ba. Sun yi imani cewa idan aka kashe mutum ba a ɗaukar masa fansa ba, wani tsuntsun dare mai suna "hama" yakan fito daga ƙoƙon kansa yana kuka a kan kabarin, yana neman a shayar da shi.

Abin da masu ƙamus suka adana wanda ya fi tona asirin sana'ar shi ne saɓanin Larabawan kansu. Sun ruwaito cewa mutanen Najadu suna murna da sanih, mutanen Hijaz kuwa akasin haka suke yi. Ba ma sai an je nesa ba: idan mutum biyu suna fuskantar juna tsuntsu ya ratsa tsakaninsu, ɗaya dama ya gani, ɗaya hagu. Tsuntsun bai ce komai ba, mai kallo ne ya yi magana.

Ba Larabawa kaɗai suka yi wannan ba. Daular Rum tana da jami'ai na musamman masu duban tsuntsu kafin yaƙi ko zaɓe. Marubutansu sun ba da labarin wani kwamandan ruwa, Kalaudiyus Pulka, a shekara ta 249 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kajin duba sun ƙi cin tsaba gabanin yaƙi da mutanen Kartaj, sai ya sa aka jefa su teku ya ce tun da sun ƙi ci, su sha. Aka ci shi da yaƙi, ya rasa mafi yawan jiragensa, labarin ya rayu fiye da shekara dubu biyu. Sau nawa kajin suka ci tsaba aka kuma sha kashi? Wannan ba a cika ba da labarinsa ba. Haka camfi yake rayuwa ko'ina, ana tuna ranar da ya dace, a manta da ranakun da ya saɓa.

Ta wannan hanya ce "ɗa'ir" ya zama rabo. Mai sa'a ana ce masa mai albarkar tsuntsu. Idan aka jefa ƙuri'a, abin da ya faɗo wa mutum sai a ce ya "tashi" gare shi. A Sahihul Bukhari, Ummul Ala'i ta ba da labarin yadda mutanen Madina suka yi ƙuri'a don raba masaukin masu Hijira, kuma da wannan kalma ta ce Usmanu ɗan Maz'un ya faɗo a rabonsu. Daga nan kuma aka sami "ɗiyara" da "taɗayyur", wato camfa abu da mugun fata, ko da babu tsuntsu a wurin.

Yadda Alƙur'ani ya juya kalmar

Saiwar ta zo sau 29 a Alƙur'ani. Sau 19 daga ciki, a ruwayar Hafs, kalmar "ɗair" ce, tsuntsaye na zahiri: huɗun da Annabi Ibrahim (AS) ya yanka, waɗanda ke tasbihi tare da Annabi Dawud (AS), rundunar Annabi Sulaiman (AS) da alhudahuda a cikinta, da waɗanda aka aika wa mutanen giwa. Mai karatu da Warsh, kamar yadda aka saba a tsangayunmu, zai ga ɗan bambanci a ƙissar Annabi Isa (AS) da tsuntsun yumɓu a Ali Imrana da Ma'ida, inda Warsh ke karanta "ɗa'iran" a gurbin da Hafs ke karanta "ɗairan". A duk waɗannan wurare tsuntsu halitta ce mai biyayya. Ayar An'am ta ce su al'ummai ne kamar mu, wasu ayoyin kuma suka ce Allah ne ke riƙe da su a sararin sama. Babu inda aka ce suna riƙe da makomar wani.

Aikatau na camfi kuwa sau uku ya zo, kuma akwai abin lura a nan. A duk ukun babu tsuntsu ko ɗaya, mutum ake camfawa. A aya ta 131 ta A'araf, mutanen Fir'auna idan alheri ya zo sai su ce nasu ne, idan masifa ta zo sai su camfa Annabi Musa (AS) da waɗanda ke tare da shi. A aya ta 47 ta Namli, Samudawa sun gaya wa Annabi Salihu (AS) cewa shi da mabiyansa ne baƙar ƙafarsu. A aya ta 18 ta Yasin, mutanen alƙarya sun faɗa wa manzanninsu haka, suka ɗora da barazanar jifa. Ke nan tun a wancan zamani camfi ya riga ya sauko daga bishiya ya hau kan baƙo, da marar ƙarfi, da mai faɗin abin da ba a son ji. Kuma ayar Yasin ta nuna cewa daga camfa mutum zuwa ɗaukar dutse tafiyar ba ta da nisa.

Amsar da aka ba su iri biyu ce, kuma da kalmarsu aka mayar musu. A A'araf da Namli an ce tsuntsun nasu yana wurin Allah, wato Shi ke hukunta abin da zai same su. A Yasin an ce tsuntsun nasu yana tare da su, wato halinsu ne ya jawo musu. Aya ta 13 ta Suratul Isra'i ta game kowa da kowa, ta bayyana cewa an lazimta wa kowane mutum tsuntsunsa a wuyansa, kuma Ranar Ƙiyama za a fito masa da littafi a buɗe. An ruwaito daga Ibn Abbas da Mujahid da Ƙatada cewa tsuntsun nan aikin mutum ne. Abu Ubaida, mai Majazul Ƙur'an, ya fassara shi da rabo. Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya nuna cewa an yi wa Larabawa magana ne da abin da suka sani na sanih da barih. Ayoyi biyu bayan wannan aka ce babu rai mai ɗaukar nauyin wani.

Wuya ba baƙon wuri ba ne a wannan magana. A wurin Balarabe can ake rataya abin ado, can kuma ake sa ƙuƙumi, kuma bashi da amana a wuya ake cewa suke. Bahaushe ma da zai ce alhakin wane yana wuyanka, ko nauyi ya rataya a wuyansa, hoton ɗaya ne. Tsuntsun da a da ake fita daji a kora don a ji labarin gobe, an kamo shi an ɗaure a jikin mai shi. Wanda yake son sanin inda tsuntsunsa ya nufa sai ya dubi abin da yake aikatawa.

Hadisai sun bi wannan layi. A Bukhari da Muslim an kore ɗiyara tare da hama da camfin Safar. A ruwayar Ibn Mas'ud an kira ta shirka, aka kuma ce tawakkali ne ke tafiyar da ita. Da Mu'awiya ɗan Hakam ya ce a cikinsu akwai masu yin camfi, amsar da ya samu a Sahihu Muslim ita ce, wannan abu ne da suke ji a ƙirazansu, amma kada ya hana su abin da suka nufa. Ba a zargi mutum don gabansa ya faɗi ba, abin da aka hana shi ne ya mayar da faɗuwar gaba alƙali. An bar ƙofa guda, wato "fa'al", kyakkyawar kalma da mutum zai ji ta ƙara masa fata. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, da Suhailu ɗan Amru ya iso a matsayin jakadan Ƙuraishawa, Manzon Allah (SAW) ya yi fatan sauƙi daga sunansa. Bambancin a fili yake, fa'al yana ƙara wa mai tafiya ƙarfi, ɗiyara tana mayar da shi gida. Nana A'isha (RA) takan faɗi cewa a Shawwal aka ɗaura aurenta, a Shawwal ta tare, watan da jahiliyya ke gudun aure a cikinsa. Tsuntsun da aka bar mana mu yi koyi da shi shi ne na hadisin Umar (RA), wanda ke sammako da yunwa ya dawo da yamma a ƙoshe. Shi ma fita yake yi, ba ya zama a sheƙa.

Duk da haka ɗabi'ar ba ta mutu ba. Littattafan adabi sun cika da labarin Ibnur Rumi, babban mawaƙin Bagadaza da ya rasu a 896. An ce idan ya ji wata kalma ko ya ga wani abu da bai yi masa ba da safe, sai ya rufe ƙofa ya wuni a gida. Wani malamin nahawu, Akhfash ƙarami, ya gano lagonsa, yakan zo ya ƙwanƙwasa, in an tambayi wane ne sai ya faɗi wani suna mai mugun ma'ana, mawaƙin ya fasa fita ranar. Mutum mai basirar da ta kai haka, amma wasan wani ya isa ya tsare shi a ɗaki.

Daga Mu'uta zuwa filin jirgi

Sauran rassan saiwar sun ci gaba da tafiya sama. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, 629 Miladiyya, a ƙasar da yau take cikin Jodan, an sare hannayen Ja'afar ɗan Abi Ɗalib biyu yana riƙe da tuta kafin ya yi shahada. An ruwaito cewa Allah ya musanya masa su da fikafikai biyu a Aljanna, daga nan ake kiransa Ja'afar Aɗ-Ɗayyar. Bukhari ya kawo cewa Ibn Umar yakan gai da ɗansa da laƙabin ɗan mai fikafikai biyu.

Masu kallon taurari sun ga mikiya biyu a sama, ɗaya mai tashi, ɗaya mai sauka. Mai tashin ita ce An-Nasr aɗ-Ɗa'ir, kuma Abdurrahman as-Sufi ya ambace ta a littafinsa na taurari a wajen shekarar 964. Turawa sun karɓi rabin sunan suka ce Altair, mai saukar kuma, Al-Waƙi', ta zama Vega. A 1975 aka sa wa wata ƙaramar kwamfuta a Amurka suna Altair 8800, kuma don ita kamfanin Microsoft ya rubuta manhajarsa ta farko. Sufaye da masana falsafa su ma sun ɗauki tsuntsu ya zama misalin rai. Ibn Sina ya rubuta Risalatuɗ Ɗair, Faridud Din Aɗɗar na Nishapur kuma ya rubuta Manɗiƙuɗ Ɗair da Farisanci, ya ari sunan daga ƙissar Annabi Sulaiman (AS). A Andalus an ba da labarin Abbas ɗan Firnas na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 887, cewa ya ɗaura fikafikai ya gwada tashi, kodayake cikakken labarin a wurin Maƙƙari yake, wanda ya zo bayansa da kusan ƙarni bakwai.

A Bagadazan Abbasiyawa akwai wani jirgin ruwa mai sauri da manya ke hawa a kogin Dijla, sunansa "ɗayyar". Wannan ya haɗa wani abin sha'awa tsakanin harsunan biyu. Balarabe ya ari sunan mai tashi ya ba jirgin ruwa, Bahaushe kuma da ya ga mai tashin sai ya ari sunan jirgin ruwa ya ce jirgin sama. Larabci bai sha wahala ba da sabuwar na'urar ta zo, domin saiwar tana nan a shirye: "ɗa'ira" ko "ɗayyara" jirgin, "ɗayyar" matuƙinsa, "ɗayaran" sufurin sama, "maɗar" filin sauka. Laƙabin shahidin Mu'uta ya zama sunan sana'a.

Haɗuwar farko ba ta yi daɗi ba. A ranar 1 ga Nuwamba 1911, wani matuƙin Italiya mai suna Juliyo Gabotti ya jefa bama-bamai daga jirgi a Ain Zara da Tajura, kusa da Tarabulus ta Libiya. Shi ne karo na farko a tarihi da aka yi haka daga jirgin sama, kuma a ƙasar Larabawa aka yi. Shekara 14 bayan nan, a Nuwamba 1925, jiragen sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Yau alhazanmu suna sauka a maɗar na Jidda ko Madina, suna wucewa ta ƙarƙashin baƙaƙen nan uku a kan allunan sanarwa. Camfin kuma ya biyo mu cikin jirgin, domin har yanzu wasu kamfanonin jiragen sama ba su da layin kujeru mai lamba 13.

Namu tsuntsayen

Mu ba ma korar tsuntsu kafin tafiya, amma kukan mujiya a kan rufin gida har yanzu yana hana wasu barci, kuma kowace shekara malamai sai sun yi wa'azi a kan camfin watan Safar. Waɗannan masu sauƙi ne. Mai nauyin shi ne irin wanda ayoyin nan uku suka nuna, camfin da ake yi wa mutum. Mace ta shiga gida, bayan wata shida kasuwar miji ta karye, sai a ce farar ƙafa gare ta. Matar da miji biyu suka rasu a hannunta, na uku sai ya yi ta jin raɗa daga dangi. Yaron da aka haifa a shekarar da gida ya sami asara sai a ce ƙashin tsiya ne da shi, ya tashi yana jin haka a kunnensa. Babu mai buɗe littafin shago ya ga bashin da aka ci, ko kayan da aka saya da tsada, ko darajar kuɗi da ta faɗi. An sami hankaka a kufai.

Masu wannan magana wani lokaci sukan jawo hadisin da ya ambaci shu'umci a mace da gida da doki. Hadisin yana Bukhari da Muslim, amma malamai sun daɗe suna tattauna ma'anarsa. Wata ruwayar ta zo da sharaɗi, wato in da shu'umci yana cikin wani abu. A Musnad na Imam Ahmad kuma an ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta yi inkari mai tsanani, ta ce labarin abin da mutanen jahiliyya ke faɗa ne aka bayar. Wasu malaman sun fassara shi da matsalar da ake gani da ido, kamar ƙuncin gida da mugun maƙwabci. Ba a ba kowa lasisin kallon tafin ƙafar 'yar mutane ya yanke mata hukunci ba.

Masu iya magana sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan karin magana ya fi kusa da ayar Isra'i fiye da duk wani zancen farar ƙafa, domin ya mayar da sakamako kan mai aikin. Idan ciniki ya karye, akwai abin da Allah ya hukunta, wanda sai haƙuri, akwai kuma abin da hannu ya jawo, wanda sai gyara. Amarya ba ta cikin ko ɗaya daga biyun, ita ma nata tsuntsun take ɗauke da shi a wuyanta.